Ƙwayar da Ciɗo ya ba mai riƙon igiya

Ciɗo ne ya karya ƙaninsa, ba rijiya ba, kuma shi ma ya sani.

Shi ne shugaban masu yasar rijiya a wani ƙauye kusa da Barmu. Bara bayansa ya riƙe, likita a garin Tawa ya rubuta masa ƙwayar da ke sassauta tsoka. Ya gaya masa dalla-dalla cewa tana kawo barci, tana kashe jiki, kada ya hau babur ko ya taɓa aiki mai haɗari in ya sha, kada ya haɗa ta da tiramol ko maganin barci, kada kuma ya ba kowa. Ciɗo ya warke, ya ajiye sauran.

Da rani makiyaya suka matsa a yashe musu rijiya, shanu na kwana da ƙishi. Ran da za a gama, Hamid, Buzun da ke riƙon igiya, ya zo a karkace, ƙugu ya ƙage. Ya roƙi a bar shi ya huta. Ciɗo ya dubi garken da ke jira, ya ciro ƙwaya biyu.

"Haɗiye, Buzuna. Wagga ta likita ce, ba irin taku ta kasuwa ba."

Ya san Hamid ba ya kama aiki sai ya jefa tiramol a shayi. Kowa ya sani. Bai tambaye shi ba, don ba ya son jin amsar.

A sana'arsu, wanda ke ƙasa ba ya duban igiya, amanarsa na hannun na sama. Rashidu, ƙanin Ciɗo, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka yana tsokanar Hamid, wai ya riƙe shi da kyau, bai ko yi aure ba. Ana cikin jawo shi Hamid ya fara gyangyaɗi, gwiwoyinsa suka saki, igiya ta zame daga hannunsa.

An fito da Rashidu da rai, amma ƙafafunsa ba su sake motsi ba. Hamid ma da ƙyar aka ceto numfashinsa a asibiti.

Rashidu bai taɓa zagin wansa ba. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Yaya, juya ni."

Maigari ya tara dattawa. Aka hana Ciɗo kusantar bakin kowace rijiya da sunan aiki har ya mutu, aka ɗora masa noman gonar Rashidu da jinyarsa.