Lakar Dutsen Kanya

Da hantsi ne, rana ta fara zafi, hadari kuma ya haɗo ta wajen Doguwa ya tsaya bai zubo ba. Ina bakin ruwan Tiga ina kwalfe jirgina, sai ga wata farar mota ta gangaro ta tsaya kusa da mata masu soya kifi. Mutum biyu suka fito. Namijin ya yi sallama, ya ce shi ne Injiniya Kamaluddeen daga Kano. Macen gajera ce, da hijabi da malafa a kai. Ya ce Dakta ce daga ƙasar Indonusiya. Sunanta ya yi wa bakinmu nauyi, sai muka tsaya a Dakta kawai.

Jirgi mai inji suke nema, da wanda ya san ruwan. Sarkin ruwa ya nuna ni.

Injiniya ya yi mini bayani a hankali. Ya ce gwamnati ce da wasu ƙasashen waje suka haɗa hannu, suna tsara yadda Kano za ta zauna nan gaba, tunda kullum ƙara cika take yi: ruwan sha, hanyoyi, shara, gidaje. Su nasu ɓangaren ruwa ne. Suna so su san yawan lakar da ta taru a gindin dam, don kada wata rana a buɗe famfo a birni a ji iska.

"Kano yanzu ta wuce ganuwa, Malam Ashiru," in ji shi. "Duk inda ruwanta yake fitowa, nan ma Kano ne."

Da yamma na ba Baffa labari. Baffa yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun da babana ya rasu. Idonsa ya yi rauni, ƙafafunsa kuma sun kumbura, iyakarsa ƙofar gida. Ya yi dariya har da tari.

"Ashe mu ma 'yan birni ne, ba a sanar da mu ba. To a ba mu famfon mana."

Daga nan ya juya fuska wajen ruwa, kamar yadda yake yi kullum. Garinmu na asali, Dutsen Kanya, yana can ƙasa. Baffa yana saurayi aka tashe su aka cika dam. Ni ban taɓa ganin garin ba, amma na san shi a bakinsa: rijiyar gangare, gidan maƙera, kanyar da ake cin kasuwa a gindinta, ɗakin mahaifiyarsa mai ƙofa gabas. Wasu ƙauyukan kan leƙo idan ruwa ya janye da bazara, masu su su je su taka kufai su dawo. Namu a wuri mai zurfi yake, bai taɓa fitowa ba. Baffa ya ratsa samansa a jirgi ba adadi, amma ya ce wannan ba zuwa ba ne.

"Ni dai in ƙara taka ƙasar nan, ɗan nan. Ko sau ɗaya."

Muna da wata al'ada, mu 'yan Dutsen Kanya. Idan jirgi ya zo saitin maƙabartar garin, sai a kashe inji, a yi wa mutanen ƙasa sallama, a bar ruwa ya tura jirgin har a wuce. Ba wanda ya ce dole ne. Haka muka taso muka gani.

Washegari muka shiga ruwa. Sun ɗaura wata na'ura a gefen jirgin mai auna zurfi, ni kuma aikina in bi layi sak, gudu iri ɗaya, ba tsayawa. Muna cikin tafiya na ga giginyar gaɓa ta daidaita da dutsen da muke alama da shi. Na kashe inji.

Dakta ta ɗago da sauri. Injiniya ya ce, "Mai ne ya ƙare?"

"A'a, yallaɓai. Maƙabarta ce."

Ya duba hagu, ya duba dama, ruwa ne ko'ina. Da na gama yi masa bayani ya yi murmushi, ya ce, "Allah ya jiƙansu. Amma ka ga mutanen nan sun fi mu haƙuri, su ba sauri suke yi ba. Ka katse mana layi, sai mun koma farko."

Muka koma farko. Wallahi na yi niyyar wucewa, amma da muka iso wurin, hannuna ya riga tunanina. Inji ya mutu. A wannan karon Injiniya bai yi murmushi ba. Ya ce aikin safiyar ya lalace, damina na bisa kai, idan na ƙara sai su nemi jirgin wani. Gaskiyarsa ce kuwa. Dakta ta tambaye shi da Turanci, ya amsa mata, ta dube ni ta dubi ruwan. Karo na uku na wuce da inji a kunne, na yi sallamar a zuci. Sai na ji kamar na ratsa zauren dattawa da takalmi.

Bayan sun gama awon zurfi suka koma ɗibar laka. Wani ƙarfe ne mai baki biyu da ake zurawa da igiya, idan ya taɓa ƙasa sai ya haɗe, ya fito da laka cike da baki. Dakta ta zuba a ƙaramar roba, ta rufe, ta yi rubutu a jiki. Ranar da na fara gani, Baffa ne ya faɗo mini a rai. Mafi gwanin nutso a cikinmu bai taɓa kai wa gindin wurin nan ba, ga ƙarfe yana zuwa yana dawowa kamar guga.

Na daure na tambayi Injiniya ko za a zura shi a saitin garinmu, saboda Baffa.

"Wuraren da za mu ɗiba tun daga ofis aka zaɓe su, naku ba ya ciki," in ji shi. "Kuma ka sani, abin da ke sama ba ƙasarku ba ce. Zaizayar tsaunukan Riruwai ce da ta gonakin mutane, ta binne taku tuntuni. Amma bari mu gani, in an samu sarari."

Ni kuma da wautata na je na faɗa wa Baffa rabin maganar, ban da zancen Riruwai. Tun daga ranar, da zarar ya ji motsina a ƙofa sai ya ce, "An samu sararin?" In ce tukuna. Ya sa aka yanke masa farcen ƙafa. Ya sa Hasana, matata, ta wanke tsohon daronsa ta kife a rana.

"Baffa, sai ka ce za ka ɗaurin aure," in ji ta.

"Ke tafi can. Gida zan je, in je da kaushi?"

Ranar ƙarshe hadari ya yi baƙi tun azahar. Aka ɗebi robar ƙarshe, Injiniya ya ce mu kama hanya kafin iska ta taso. Ban ƙara tuna masa ba, na ga yadda yake duban sama. Hanyar komawa ta bi ta kan garin. Na ga giginya ta zo saitin dutse, na riƙe hannuna gam, na bar inji yana ruri.

Sai Dakta ta ɗaga hannu ta yi mini alamar in kashe.

Na kashe. Ta ce, "Assalamu alaikum," tana kallon ruwa, da irin lafazinsu. Sannan ta ɗauki ƙarfen da kanta ta zura. Injiniya ya zo ya kama mata igiya. Yana ja yake ce mini wai su ma can ƙasar su Dakta akwai ƙauyukan da aka nutsar don babban birninsu ya sha ruwa. Lakar ta fito baƙa, da ɗan tsakuwa a ciki. Ta zuba a roba, ba ta yi rubutu ba.

Muna isa gaɓa ruwa ya kece. Aka yi ta jidar kaya da gudu, ni da direban motarsu, robobi duk aka loda a bayan mota. Kafin in ɗaure jirgi in juyo, motar ta hau tudu. Na tsaya a cikin ruwan sama, na ce shi ke nan, robar Baffa ta tafi Kano da sauran. Sai da na sunkuya ɗaukar jarkar mai na gan ta a ƙarƙashin kujerata, an rufa mata malafar Dakta.

A gida na juye lakar a daro. Ba ta da yawa, ko tafin ƙafa biyu ba ta rufe ba. Na ɗaga ƙafafun Baffa ɗaya bayan ɗaya na ɗora. Ya ɗan zabura don sanyi, sannan ya fara motsa yatsu a hankali, yana murza tsakuwar.

"Ta gangaren rijiya ce wannan," in ji shi. "Ka ji tsakuwar? Nan Inna take aikena da tulu."

Maganar Riruwai ta zo mini har baki. Na haɗiye ta.

Ya jingina da bango, ƙafa a daro, ruwa na dukan kwanon rufi, har gyangyaɗi ya ɗauke shi. Na ga gefen lakar ya fara bushewa, sai na ɗebo ruwa a tafin hannu na yayyafa mata, na ja masa mayafi zuwa gwiwa.