Lokacin Faɗanta

Mai gyaran rediyo ya sake tare nas a bakin ƙofar gilashi, hularsa a hannu.

"'Yata, laifin ba na matata ba ne, na lokacinku ne. Kun sa ziyara bayan azahar. Matar nan tun da na aure ta, bayan azahar barci take yi. Ko gobara ta tashi sai ta gama."

Babbar 'yarsa ta ja masa riga. "Baba, don Allah. Mama ba barci take ba, ba ta cikin hayyacinta."

Ya sani sarai. Likita ma ya ce in ba ta motsa ba a 'yan kwanakin nan, za a zauna a yi magana. Shi kuwa ba ya son wannan zaman.

A ɗakin kulawa ta musamman mutum ɗaya ake bari ya shiga, na ɗan lokaci. Yaran kowa da son ransa: namijin yana son yamma saboda ofis, macen tana son a bar ta ta wuni. Shi in ya shiga, sai ya ɓata rabonsa wajen kallon na'urar da ke saman kanta, koren layin nan yana hawa yana sauka kamar duwatsun wani gari da bai taɓa zuwa ba. Har a ce ya fita bai ce uffan ba. Me zai ce? Ita ce mai magana a gidan. Shi amsawa ya iya, ita ma ba sosai ba.

"Da safe take faɗa," ya ce wa nas. "Ki bar ni da safe, sau ɗaya."

Nas ta kalle shi, ta yi dariya. Washegari da hantsi ta buɗe masa.

Ledar da aka sa masa a takalmi ta yi masa yawa, ya shiga yana jan ƙafa, abin da matar ta hana shi tun suna ango da amarya. Kafin ya kai gado, girarta ta haɗe.

"Kin gani? Harara ce!"

"Baba," in ji nas, "likita ya rage mata maganin barci tun jiya. Shi ne."

"Haka ne, 'yata. Ku kuka yi karatu."

Ya koma bakin ƙofa, ya gyara tsayuwa, ya sake tahowa yana jan ƙafa, wannan karon da ƙarfi.