Kwalbar da Na Ɗaure a Ƙugu

Mu biyar taron gari ya zaɓa mu riƙa gwada ruwan garinmu Sorupada, amma kullum ni ake bar wa kwalbar, wai don na fi kowa tumbi. Kwalbar ba ta wuce ɗan yatsa ba. A cika ta a famfo, a ɗaure a ƙugu kwana biyu ta sha ɗumin jiki. In ruwan ya tsaya rawaya, lafiya lau. In ya yi baƙi, ƙazanta ta shiga, sai a kulle tankin gari har a wanke shi tun daga idon ruwa a kan dutse. Mu muka kafa dokar da kanmu, kowane gida ya dangwala yatsa.

Ranar Talata na cika ta, bayan ruwan farko na damina. Ranar Alhamis kuma yayana Dambu, shugaban kwamitin ruwa, zai karɓi amaryar ɗansa daga ƙauyen Dumbali.

Laraba da hantsi na kewaya bayan rumbu na ɗaga kwalbar. Rawayar ta dushe, wani toka-toka ya kwanta a gindinta. Na tarar da Dambu yana shafa wuyan ɓaunar da za a yanka.

"Yaya, kwalba ta fara juyawa."

"Ke Gurubari, kwana biyu aka ce ko kwana ɗaya?"

"Biyu. Amma jikan Sukru na gudawa tun jiya, haka ma 'yar Mangli."

"Ɗanyen mangwaro suka ci. Ke da wannan tumbin naki, ko madara aka ɗaura miki sai ta yi baƙi." Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Ƙauye uku za su zo. In kulle tanki, in ce wa surukaina su gangara rafi kamar awaki? Bari a watse. Jibi ni da ƙafata zan hau dutse."

Shi ya goya ni bayan rasuwar innarmu, shi ya tsaya mini a taro har aka zaɓe ni. Na ja bakina na yi shiru, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Alhamis da safe kwalbar ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na mayar da ita ƙugu. Famfuna na ta zuba, mata na dama kunun tamba a manyan tukwane. Na hango maza huɗu ɗauke da jikan Sukru a kan gadon igiya, sun bi ta bayan gari zuwa asibiti don kada su ɓata wa mutane biki. Hannun yaron yana lilo.

A wurinmu gwaggon ango ce ke tarbar amarya a bakin gari da ruwa a kofin tagulla. Ita za ta fara sha, sannan danginta su biyo. Ni ce gwaggon. Da azahar suka iso da ganguna, layinsu har gindin dutse. Amarya Sanamati ta miƙo hannu biyu, leɓɓanta sun bushe saboda tafiya.

Na tuntsurar da ruwan a ƙasa. Ganguna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Na kwance kwalbar na ɗaga ta sama.

"Gurubari!" in ji Dambu. Ban kalle shi ba.

Uwar amarya ba ta nemi bayani ba, su ma suna da irin kwalbar a garinsu. Ta matso kusa da ni.

"Tun yaushe, 'yar'uwa?"

"Tun jiya da hantsi."

"Jiya da yamma babbar 'yata ta zo taya ku girki da 'yan biyunta. Watan jiya ta yaye su. Wane ruwa kuka ba su?"

"Ni na cika musu tulu," na ce.

Ta ture ni gefe ta nufi cikin gari a guje tana kiran sunan 'yarta. Ba wanda ya amsa.