Ɗan Wasa Na Biyu

Duk hutun ƙarshen shekara, masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci sukan yi gasar ƙirƙirar wasa. Sharaɗin ɗaya ne: wasan ya shiga kwamfutar zamanin da, mai ƙaramin ciki kamar na sauro.

Wani mai gyaran rediyo ya yi sati uku yana fama, nasa ya ƙi shiga sai an rage wani abu. Ya dubi kiɗan da ya sa, ya kasa rabuwa da shi. Sai ya goge gurbin ɗan wasa na biyu, wasan ya zauna daram.

Ranar gasa aka yi ta yaba kiɗan. Yana cikin washe baki sai ga yayansa, wanda rabonsu da zama gaban allo ɗaya shekara talatin. Yayan ya zaro madannin wasansu na yarinta daga aljihu, ya ɗaure wayar da sabon salatif.

"A ina zan jona?"

"Yaya, na mutum ɗaya ne."

Yayan ya nannaɗe wayarsa a hankali. "Ba komai. Buga in gani."

Kiɗan ya tashi. Mai gyaran rediyo ya rasa inda ake kashe shi.