Tankin Kifin Yaya Yana Yoyo

...kuma safata ta jiƙe. Safa ba ta jiƙa kanta, Yaya. Ina tsakiyar falonka, kafet yana ƙara caɓal-caɓal, ga tankin kifinka cike da ruwan gishiri, ga kifayen suna ta harkarsu kamar ba abin da ya faru. Ruwan ya sauka. Jiya yana kan jan layin da ka zana a gilashi, yau ya yi ƙasa da layin da yatsa biyu.

To. A natsu.

Me ka ce ranar tafiyarka, jaka a kafaɗa? «Auta, kifin teku ne, ba tarwaɗa ba. In zafi ne ya shanye ruwan, gishirin yana ciki, ruwa zalla za ka zuba. In yoyo ne, gishirin ma ya tafi, sai ka haɗa sabo.» Na ce na gane. Ban gane ba, makullin motarka nake kallo.

Na kira ka ɗazu, na ce falo ya zama kogi, kifaye na shirin shahada. Kana hawa jirgi, ana ta hayaniya, ka ce «kada ka ƙara gishiri», layi ya yanke. Wane gishirin, Yaya? Na tanki ko na bakina? Ai a gidanmu duk abin da na faɗa sai an ce na ƙara gishiri. Ranar da na ce ɓera ya kai mage girma, Mama ta yi dariya har da hawaye, ta ce a rage rabi... Yanzu ga buhun gishirin kifi a gabana, ga cokali, ga maganarka mai fuska biyu. In na zuba alhali zafi ne, na kashe su. In ban zuba ba alhali yoyo ne, nan ma—

Sai a ɗanɗana. Na durƙusa, na dangwali kafet, na lasa. Gishiri! Amma gumi ke ɗiga daga haɓata, shi ma gishiri ne. Wanne na lasa? Mutum da digirinsa yana lasar kafet ɗin yayansa.

Tishu. A jera shi a gindin tanki, inda ya jiƙe nan ne ɓarnar. Gaba a bushe. Dama da hagu a bushe. Tiyon famfo lafiya lau. Kifin nan mai ruwan ɗorawa da kake ce wa Manaja yana bina ta cikin gilashi, yana motsa baki. Me yake cewa? Shi ka fi so, na sani. Hotonsa ne a fuskar wayarka, ba na kowa a gidanmu ba.

Saura baya, wajen bango. Hannu ba ya shiga sai na kwanta, kunci a kan kafet mai sanyi, kafaɗa a matse... ga shi! Farin ɓawon gishiri a kusurwa inda gam ya saki, ɗigo yana gangarowa a hankali kamar mai jin kunya. Yoyo ne, Yaya! Gaskiya na faɗa! Bari in kankare ɓawon in gani da kyau—

Wayyo. Ashe ɓawon ne ke riƙe da shi. Ruwa tsiri-tsiri har cikin kunnena.

Babban yatsa. Danna. Ya tsaya.

Ya tsaya fa... muddin ina nan. Bokiti yana banɗaki. Salatif yana kicin. Waya tana kan kujera can, tana ruri, wataƙila Mama ce. Ƙofa kuwa ni da kaina na murza mata makulli. Manaja ya sauko daidai fuskata ya tsaya. Yatsana ya fara mutuwa. In na sauya hannu... a'a, ɗayan yana ƙarƙashina.

Yaya, da ka ce za ka dawo Asabar... wannan Asabar ɗin kake nufi, ko ta sama?