Tsohon Injin Motar Illo

Inji yana rataye da sarƙa a reshen dogon yaro, yana lilo a hankali, baƙin mai yana ɗiga daga gindinsa cikin wani tsohon kwano. Da Bawa tela ya san abin da wannan aiki zai haifar kafin a gama yankan gero, da ya riƙe hannun Mas'udu makanike ya ce a mayar da abin inda aka ciro shi. Amma bai sani ba. Yana tsaye da zaren awo a wuya, ransa fari ƙal, kamar wanda aka sauke wa kaya.

"To, sarkin tsoro, ga shi an feɗe ta," in ji Illo, maƙwabcinsa, mai motar. Yana zaune kan wani turmi da aka kife, ya tallafe haɓa. "Hankalinka ya kwanta?"

"Yaya Illo, ai gyara ne."

"Gyara? An cire wa doki zuciya an sa masa ta jaki, ka ce gyara."

Mas'udu ya leƙo daga ƙarƙashin mota, fuska duk baƙin mai. "Baba, jaki ma yana kai mutum gida. Kuma ba ya cin dawa da yawa."

"Kai, ɗaure notinka, ba da kai ake ba."

Duk Dantchiao babu wanda bai san motar nan ba. Ja ce kamar barkono, ƙofa biyu gare ta, ga ta ƙasa-ƙasa, cikinta kamar zai shafi hanya, shi ya sa aka sa mata suna Ƙadangaruwa. Shekara ashirin Illo ya yi yana tuƙo motocin mutane daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano zuwa Damagaram. Wannan ce ta ƙarshe. Wanda ya yi odarta ya gan ta ya ce shi mai iyali ne, ina zai kai mota mai ƙofa biyu. Illo ya ce a bar masa. Ya sa aka ɗan ɗaga ta, ya zo da ita gida, ya ajiye aikin hanya, ya koma noma. Kullum da ita yake zuwa gonarsa ta wajen Dogo-Dogo, fartanya da buhu a kujerar baya. Injinta mai silinda shida ne. In ya tashe ta da safe, kwanonin Fadi matarsa har rawa suke a kan kanta.

Sai dai tana shan isansi, wato man fetur, kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma. Da, lokacin da mai yake shigowa da araha daga ƙetaren iyaka, ba wanda ya damu. Da ya yi tsada, Illo ya koma sayen kwalba ɗaya, kwalba biyu a bakin hanya. Allurar da ke nuna mai ta mutu tun tuni, don haka da wani siririn karan dawa yake awo: ya zura a tanki, ya zaro, ya gwada jiƙon da yatsu.

Abin da ya sa Bawa ya sa baki a sha'anin motar wani kuwa, ƴarsa ce, Kausar, mai shekara tara, mai fama da amosanin jini, wato sikila. In ciwon ya tashi, gaɓoɓinta kamar ana sara, babu abin yi sai gidan likita na Magarya. Motar Illo ce take kai ta. Ko Illo yana tsakiyar cin tuwo ne, in ya ji an buga katanga sau uku zai wanke hannu. A kwantar da kujerar gaba, a shigar da yarinya baya, a tafi. Ran nan da bazara suna tsakiyar hanya, Ƙadangaruwa ta yi tari ta tsaya. Mai ya ƙare. Suka yi kusan awa biyu cikin rana, Kausar tana cizon gefen zanen uwarta, kafin wani mai babur ya kawo kwalba.

Tun daga ranar Bawa bai bar Illo ya huta ba. A masallaci, a bakin shago, a wurin suna. Mas'udu yana da ƙaramin inji mai silinda huɗu, man da babban zai shanye a kwana ɗaya shi sai ya yi kwana uku da shi. "Yaya Illo, me za ka yi da gudu? Ina za mu je? Mota mai ƙarfi da tanki a bushe ai gara amalanke."

Illo yakan yi dariya ya ce, "Tela, kai ko inuwarka ka gani sai ka tambaye ta lafiya." Amma ran da Kausar ta kawo masa kunu, ya ga idanunta sun yi ɗorawa, bai yi dariya ba. Washegari ya aika a kira Mas'udu.

Aka aza tsohon injin a kan tsohuwar taya a gindin dogon yaron, aka rufe shi da tabarma. Illo ya hana a sayar.

Sabon injin ya cika alkawari. Kwalba biyu sai ta kai su Magarya. Sau biyu da damina ciwon Kausar ya tashi, sau biyu aka kai ta ba tare da an tsaya ba. Bawa ya fara barcin rana a shago, abin da ya daɗe bai yi ba. Wani lokaci cikin gyangyaɗi sai ya ji kamar tsohon rurin yana tahowa daga nesa, ta bayan gonaki, ya buɗe ido ya ga Ƙadangaruwa ta wuce shiru kamar mai jin kunya.

Illo ne ya koya wa Bawa tuƙi, tun zamanin babban inji, don ko ba ya nan a sami mai kai yarinya. A hanyar gonarsa akwai wani busasshen kwari mai zurfin rairayi, Kwarin Tamu. Masu mota zagaya shi suke yi, ta wata doguwar hanya mai tauri da ke bi ta rugar Fulani. Illo kaɗai ke ratsa shi. "Rairayi ba ya son mai shawara," haka yake ce wa Bawa. "Ka sa giya, bitas ta biyu, tun daga nesa, ka ba ta wuta, kada ka ɗaga ƙafa ko da kakarka ka gani a tsaye." Sai mota ta yi ruri ta haye, rairayi yana tashi gefe da gefe kamar ruwa. Sau da yawa Bawa ya ratsa da hannunsa, Illo yana ƙyalƙyala dariya.

Bayan an canja inji, Illo ya daina bi ta kwarin. In sun zo mararraba sai ya karya ta doguwar hanya. Bawa ya taɓa tambayarsa dalili.

"Nono nake so in saya a ruga," in ji shi.

Ranar wata Laraba ce, gero ya nuna, sama ta yi fari tas. Illo ya leƙa shago ya ce, "Ajiye almakashin nan, zo ka ga wakena." Kafin su tashi ya zura karan dawa a tanki, ya zaro, ya aza yatsu. "Huɗu. Ya ishi jakinka zuwa Makka."

A gona zangarniyoyi sun sunkuya, iska tana bi ta cikinsu tana wata ƙara kamar ta ruwan sama mai nisa. Illo yana gaba yana ɗaga ganyen wake da sanda. Can sai ya tsaya. Ya dafa ƙirji, ya zauna a kan kunya a hankali, kamar wanda ya tuna wani abu.

"Yaya, lafiya?"

"Wani ya ɗora mini buhu a nan." Gumi ya wanke masa fuska, leɓɓansa sun yi toka.

Bawa bai san yadda ya kai shi mota ba. Ya kwantar masa da kujera, ya zagaya, ya murɗa makulli. Ya san hanyar Magarya kamar tafin hannunsa, don ya bi ta da kuka a bayansa ba sau ɗaya ba. A mararraba bai yi shawara ba. Doguwar hanya za ta ci rabin awa. Ya miƙe kwari, ya sa ta biyu tun daga nesa, ya taka har ƙasa.

Mota ta shiga da ƙarfinta. Ta yi taku ashirin, talatin. Sai muryar injin ta fara siririncewa, kamar mai hawan tudu da tulu a ka. Bawa bai ɗaga ƙafa ba. Ƙadangaruwa ta yi rawa, ta tona, ta kwanta da cikinta a tsakiyar rairayi.

Illo ya buɗe ido, ya dubi farin rairayi ta gilashi, sai murmushi ya kama shi.

"Tela," ya ce, "ai wannan jaki ne."

Sai a lokacin Bawa ya gane batun nonon ruga.

Ya fita ya durƙusa yana tonon taya da hannu biyu. Rairayi yana ƙona shi, yana tona yana komawa. Ya karyo rassan sabara ya cusa. Ya kira Mas'udu a waya, shi kuma ya ce ga shi nan bisa babur. Ya hau gaɓar kwarin ya yi ta kururuwa, har wani makiyayi can nesa ya ɗaga sanda, ya juya ya nufi inda shanunsa na amalanke suke.

"Bari haka nan, zo ka zauna," in ji Illo. "Ka cika ɗawainiya."

Bawa ya dawo ya buɗe ƙofa, ya cire hularsa yana yi masa fifita. Gaba gare su zafi yana rawa a kan rairayi, ya zama kamar wani shimfiɗaɗɗen ruwa mai ƙyalli, bishiyoyin gaɓa suna iyo a cikinsa.

"Ka ga teku?" in ji Illo. "Haka yake a Kwatano. Da safe motoci suna fitowa daga cikin jirgi, a jere, raɓa a jikinsu. Ran da na tashi Ƙadangaruwa, duk tashar sai da aka waiwayo." Ya karkata kai yana sauraro. "Ji. Ka ji ta?"

Bawa ya kasa kunne. Babu komai sai kukan kurciya.

"Na ji, Yaya."

"Kada ka bar tanki ya sauka ƙasa da yatsu huɗu. Saboda uwata." Haka yake kiran Kausar, don sunan mahaifiyarsa aka raɗa mata, aka ɓoye shi da Kausar.

"Yaya, ni na sa ka..."

"Kai ka sa ni? Kai da ko akuya ba ka iya sa ta shiga gida ba." Ya nemi yin dariya, numfashi bai ba shi dama ba. Bawa ya matso da bakinsa kusa da kunnensa yana karanta kalmar shahada, leɓɓan Illo suna bi.

Da shanu biyu suka gangaro kwarin da igiya, suna tafe a natse, ƙahoninsu suna yawo cikin kawalwalniya, Illo ya riga ya cika. Su suka ja motar har tudu. Mas'udu ya tuƙa ta zuwa gida a hankali, Bawa yana baya ya riƙe kafaɗar mamacin kada ya zame.

Bayan addu'ar bakwai, da baƙi suka watse, Bawa ya sami Mas'udu a gindin dogon yaro yana naɗe tabarmin zaman makoki.

"Don Allah in tambaye ka, kada ka ɓoye mini. Da tsohon injin ne, da ta haye?"

"Da ta haye. Ko rairayin ya fi haka."

Mas'udu ya ajiye tabarmar da ke hannunsa, ya dubi Bawa.

"Amma yatsu nawa ka ce ya auna?"

"Huɗu."

Mas'udu ya yi lissafi da yatsu. "Zuwa gona, sannan kwari, sannan Magarya, da wancan mashayin? Wataƙila ta kai. Wataƙila ta tsaya muku a kan gudron, tsakiyar kwalta, inda ta tsaya muku da bazara. Wallahi Malam Bawa ban sani ba. Kwana ne ya ƙare."

Fadi ta yi gyaran murya daga bayan labulen zaure. Hannunta kawai ya fito, da makulli da karan dawan nan, ya yi baƙi don shan mai.

"Baban Kausar, ƴaƴansa sun yi magana. Sun ce mota ta zauna a wurinka, saboda yarinya. Shi ma abin da zai ce ke nan."

Bawa ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Allah ya jiƙansa."

"In kana so in mayar da babban, aikin kwana biyu ne," in ji Mas'udu. "In kuma a bar ƙaramin, shi ke nan. Kai ne mai tuƙi yanzu."

"Bari in yi tunani."

An yanke gero, an ɗaure dammuna, an kai na Illo rumbu. Kowace safiya Bawa yakan zura kara a tanki ya gwada da yatsu, ya tashi motar ta ɗan yi ɗumi, ya kashe. Tsohon injin yana nan kan tayarsa, busassun ganye sun taru a kan tabarmar, wata kaza ta sami wurin kwanciya a gefensa. Da la'asar Kausar takan zauna a kai tana cin gyaɗa, ƙafafunta suna lilo. Bawa yakan tsayar da keken ɗinki ya dube ta daga shago. Har yau bai ba Mas'udu amsa ba, kuma bai san wanne daga cikin injin biyu ne zai kai ta Magarya ran da ciwon ya sake tashi ba.