Barewa da Waken Matata

Matata ta rasu ranar Laraba da yamma, a cikin lambu, da butar ban ruwa a hannunta. Ina ɗaki ina karatu. Sai da na kai ƙarshen babi na fito neman shayi, sannan na gan ta.

Likita ya ce zuciya ce, kuma ko ina tsaye kusa da ita babu abin da zan iya. Likitoci suna da irin wannan kirkin, ba ya cin musu komai.

Shekara talatin da huɗu na yi a wani gidan buga littattafai ina gyara kurakuran mutanen da suka fi ni suna. Shi ya sa take kirana Jan Biro. In ta ce "Malam," lafiya lau. In ta ce "Jan Biro," to na gyara mata wani abin da ba ta tambaye ni ba. Ba mu haihu ba. Abin da ta bar mini shi ne gida a ƙarshen layi, inda gari ya ƙare daji ya soma, da lambu mai taku ashirin a bayansa, da wani ɗan gwangwani cike da irin wake.

Waken ja ne mai ɗigon fari. Wurin kakarta ta samo shi. Na zaga shagunan masu sayar da iri har huɗu da ƙwaya ɗaya a tafin hannuna, babu wanda ya taɓa ganin irinsa. Abin da ke cikin gwangwanin nan shi ke nan a duniya, iyakar sanina.

Da ruwa ya sauka na ce zan shuka. Ban taɓa riƙe fartanya ba, amma ina da littattafai uku a kan noman lambu, kuma a lokacin ina ganin wannan ya fi fartanya. Na fara da abin da na iya, wato gyara. Na kwashe tarkacen da ta tara a gefen katanga. Na miƙe kunyoyin da ta yi a karkace. Na sauke wata tsohuwar rigata da ta bari a kan sanda a ƙuryar lambu, rana ta cinye launinta. Na daɗe ina yi mata magana a kan shanyar da ke kwana a waje. Ko ta amsa, bayan kwana biyu sai in hango wata.

Ɗaya daga cikin littattafan ya ce iri yana rage ƙarfi in ya daɗe a ajiye. Saboda haka na juye gwangwanin duka a ƙasa, ƙwaya ɗari da arba'in. Ɗari da sha biyu suka tsiro. Na wanke gwangwanin tas na kife shi a kan kantar kicin.

Mako uku ina fita kowace safiya ina duban su kamar shafin da ba kuskure. A mako na huɗu na fito na tarar da layi biyu an yi musu aski, sai kara tsirara. Ga sawu nan a laka, ƙananan kofato masu tsaga.

Maƙwabcina mai walda ne, kowa Tartsatsi yake ce masa. Ya leƙo ta kan katanga da burushi a bakinsa.

"Malam, baƙi ka yi?"

"Ka san su?"

"Barewa ce da 'ya'yanta biyu. Kullum da sassafe nakan gan su a bakin daji in zan buɗe shago."

"Ka gan su sun shigo ba ka kore su ba?"

"Wallahi na zaci kai ka gayyace su. Shekara goma sha biyu ina nan, ban taɓa ganin sun tsallaka wa marigayiya ba."

Na koma ɗaki na buɗe littattafai. Na farko ya ce a daka tafarnuwa da barkono a jiƙa a yayyafa wa ganye. Na daka har idona ya yi ja. Da la'asar aka yi ruwa ya wanke, washegari barewa ta ci wankakken ganye. Na biyu ya ce a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki don ƙara ta firgita su. Kwana biyu abin ya yi aiki. A na uku ta gane kiɗa ne kawai, ta ci abincinta ana yi mata. Saura tsiro sittin da uku.

Na uku shi ne mai kauri, kuma ina girmama littafi mai kauri. Ya ce babu magani sai shingen waya mai tsawon ƙafa takwas. Na kai wa Tartsatsi shafin.

"Ƙafa takwas? Malam, wake za ka tsare ko fursuna?"

"Ka yi yadda aka rubuta."

"Shi wanda ya rubuta ya zo ya ga wurin?"

"Ba ya bukata."

"To, Allah ya ba mu ilimi."

Kwana uku yana kafa ƙarafa. Da ya zo kan magudanar ruwa da ke bin ƙasan katangar baya, ya ce bari ya saka mata raga. Na duba littafin, babu maganar magudana. Na ce barewa tsalle take yi, ya bar shi haka. Ya dube ni, ya dubi ramin, ya naɗe wayarsa.

Shingen ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Uwar ta tsaya a waje. Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da an kawo mini wannan maganar a teburina da na sa mata jan biro, domin 'ya'yan nan biyu rarrafe suka yi, ta magudana, suka shiga suka yi kalaci a natse, ba mai damun su tunda shinge ya kare su daga karnukan layi.

Saura sha tara.

Ranar Asabar ƙanwar matata ta zo. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, takan zo duk mako biyu ta ga ko ina da rai. Tun ranar aurenmu take tsokanata, kuma shekaru ba su rage mata kaifin baki ba. Ta ajiye jakarta, ta wuce lambu, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ikon Allah. Gidan yari ka gina wa Yaya?"

Na yi mata bayani, da lambobin shafi.

"Bar ni da shafi. Kawo sauran irin a cike gurbin, lokaci bai ƙure ba."

"Babu saura."

Ta juyo a hankali. "Kamar yaya babu saura?"

"Na shuka duka."

"Duka? Jan Biro, duka? Yaya ba ta taɓa zuba fiye da rabi ba. Rabi a ƙasa, rabi a gwangwani, ko da shekara ta ƙi. Ko yaron goye ya san wannan."

"Ba a rubuta ba."

"Ai ba a rubuta a rufe ƙofa in za a shiga wanka ba, amma kana rufewa."

Ta bi layin tana taɓa ganyen da suka rage, ta kai ƙurya, ta tsaya a gaban sandar.

"Ina rigar?"

"Wace riga?"

"Rigarka da ke nan."

"Na sauke. Shanya ce ta manta."

Ta zauna a kan bokitin da ke kife, ta yi dariya har da share ido da gefen mayafi. Ban ga abin dariya ba, na kuma gaya mata.

"Wayyo Yaya," ta ce. "Shekara talatin, ashe bai sani ba. Malam, ba shanya ba ce. Wanki ake shanyawa. Waccan ba a wanke ta ba. Wadda ka tuɓe take ɗauka, da guminka da komai, ta rataya. Barewa da hanci take gani. In ta ji warin mutum sai ta ɗauka yana nan a tsaye. Bayan kwana uku ta sauya wata, ta kuma matsar da sandar, don kada su gane mutumin ba ya motsi."

"Camfi ne."

"Camfin ya ciyar da kai wake shekara talatin. Ilimin ya bar maka sha tara."

Gaskiya ita ce na ga maganar a littafin mai kauri, a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe, inda marubuta ke ajiye abin da suke jin kunyarsa. Na wuce ta.

"Tuɓe," in ji ta.

"A gabanki?"

"Me zan gani? Na wanke gawar da ta fi ka tsoka. Tuɓe."

Na shiga ɗaki na tuɓe, na miƙo mata ta bayan ƙofa. Ta sunsuna, ta yamutsa fuska.

"Wannan ba za ta kori ko ƙuda ba. Warin takarda take yi. Yaushe rabonka da gumi?"

"Ni ba lebura ba ne."

"Shi ya sa Yaya take aikenka babbar kasuwa da ƙafa duk Litinin da Alhamis."

"Saboda hawan jinina ne. Ke da bakinki kika ce tafiya magani ce."

"Ni na faɗa, ita ta roƙe ni in faɗa. Jininka lafiyarsa ƙalau, ya fi nawa. Riga take so."

Na tsaya a bayan ƙofa ba riga, ina tuna dukan Litinin da Alhamis ɗin rayuwata. Tafiyar awa guda zuwa, awa guda dawowa, da buhun albasa a kafaɗa, ina wuce shago uku masu albasa iri ɗaya saboda ta ce ta can ta fi. In na dawo takan tarye ni a bakin ƙofa da ruwan sanyi da riga mai tsabta, ta ce, "Kawo waccan, Malam, ka huta." Na ɗauka ladabi ne. Har na taɓa ba wani abokin aiki misali da ita.

Ashe aikina a gidan nan dodon gona ne, kuma shi kaɗai ne aikin da na yi mata ba tare da na yi gyara ba.

Da yammar nan na kira Tartsatsi ya saka wa magudana raga. Bai ce "na gaya maka" ba. Ya dai yi ta fito da baki yana aiki, wanda ya fi zafi. Ranar Litinin na tafi babbar kasuwa da ƙafa, ba abin da zan saya. Na sayi albasa don kada a ce tsoho ya zautu. Na dawo jiƙe, na rataya rigar a sanda. Ranar Alhamis na sauya ta, na matsar da sandar taku shida.

Ba zan ce rigar ce ta yi ba. Akwai shinge, akwai raga, mai hankali ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya. Abin da na gani dai shi ne, wata safiya ina tsaye a taga, uwar ta fito daga daji da 'ya'yanta a baya. Ta zo kamar taku goma daga shingen ta tsaya, ta ɗaga hanci. Kunnuwanta suka juya. Ta daɗe a haka. Sannan ta koma, ba gudu ba, a hankali, kamar wadda ta zo gidan da ta saba ta tarar mai gidan ya dawo daga tafiya.

Zomo ya ci uku, don shi ba ruwansa da warin kowa. Tsutsa ta kashe biyar. Sha ɗaya suka yi fure, suka yi 'ya'ya, suka bushe a kan kara. Ban ɗanɗana ko ɗaya ɗanye ba. Ranar da na girbe, ƙanwar matata ta zo, muka baje tabarma a tsakar gida muna ɓarewa. Ja mai ɗigon fari, kamar yadda yake. Ya cika gwangwanin, har da ragowar da ta cika kofin shayi. Na ƙulle ragowar a ƙyalle na ba ta.

"Na mene ne?"

"Ki ajiye a gidanki. Ba a barin abu ɗaya a hannun mai ilimi."

"Yau kuma? Allah ya sa ba zazzaɓi ba ne." Ta ɗauki gwangwanin ta leƙa, ta girgiza shi. "Ina abin da ke ƙasansa?"

"Wane abu?"

"Akwai wani gari-gari da take zubawa a ƙasa, da wani busasshen ganye. Shi ke hana ƙwari huda irin."

Na tuna. Toka-toka ne, mai ɗan ƙamshi. Na ɗauka datti ne, shi na wanke ranar da na yi shuka.

"Ganyen mene ne?" na ce.

"Wannan kam ban sani ba. Daga daji take tsinko shi. Na sha cewa zan bi ta in gani." Ta ɗaure bakin ƙyallenta. "Ita kaɗai ta sani."

Bayan ta tafi na duba littattafan uku. Kowanne da abin da ya ce, babu mai maganar ganyen da ke bayan gidana. Na rufe gwangwanin, na ɗora a kan kanta. Ina buɗe shi duk safiya in duba ko an fara hudawa. Zuwa yau dai ba a fara ba.

A zamanmu na gaya wa matar nan abubuwa da yawa. Na gaya mata yadda ake furta sunan maganinta, da dalilin da ya sa wata ke raguwa, da kuskuren da ke jikin kalandar da ta rataya a kicin. Tana saurara, ta ce "To, Malam," ta ɗauki butarta ta fita. Taku goma sha biyu ne daga kujerata zuwa ƙofar lambu, na auna. Ko sau ɗaya ban ajiye littafi na bi bayanta na ce mata, "Ban sani ba. Nuna mini."